Waya ta Uku a Garkar Kawu

Sau biyu Kawu yana ɗage aikin idonsa. Na farko ya ce ana girbin hatsi. Na biyu ya ce ya yi mugun mafarki, wanda daga baya muka gane mafarkin bai wuce awaki sun shiga mishi garka ba. Yanar ido ce ta rufe mishi idon dama gaba ɗaya, na hagun ma ya fara hazo, har ta kai in ka gaishe shi sai ya karkata kai ya ji muryarka tukuna ya amsa. Mama, ƙanwarsa, ta sake samo mishi randebu a asibitin Maradi, ranar wata Litinin da safe, kuma likitan ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa in wannan ya wuce sai dai a koma ƙarshen layi.

Kawu ya ce to, ya ji. Amma wa zai ba irin albasarsa ruwa?

Garkar tana Madarumfa, kusa da tafki. Akwai rijiya, akwai pano na hasken rana bisa wani dogon ƙarfe, akwai batir da ɗan pampo. Aikin duka bai wuce mutum ya kunna da safe ya kashe, ya kunna da marece ya kashe ba. Sai dai ɗansa, wato taubashina, aikin kuran, wato wutar lantarki, yake yi a Ɗan Issa, yana fita tun da sassafe ba ya dawowa sai rana ta faɗi. Maƙwabcin garka kuwa ya taɓa kunnawa ya tafi suna, ya dawo ya tarar da fangalin albasa ya zama gonar shinkafa. Tun daga ranar Kawu ya yanke hukunci a kan ɗan Adam baki ɗaya.

"Mutum mantuwa gare shi," in ji shi.

Ni kuma da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce, "Kawu, na'ura ba ta mantuwa."

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun kwamfuta, ina jin kaina kamar in an ba ni waya da turnabis na kwance ƙusa zan iya gyara duniya kafin la'asar. Ina da wata ƴar kwamfuta da ba ta fi tafin hannuna ba, allo guda ne kore da ƴan ƙusoshi a gefe, ba ta da gilashin kallo ba ta da madannai. Mu a aji kat muke ce mata. Na haɗa mata ɗan makunni da zai tada pampo, na maƙala mata ɗan agogo mai ƙaramin pil, wato batir, kamar maɓallin riga, na rubuta mata umarni: ƙarfe bakwai da rabi na safe ruwa, ƙarfe biyar na marece ruwa. Shi ke nan.

Tunda ba ta da gilashi, kuma garka babu rezon intanet, hanya ɗaya ce ta yin magana da ita. Ana jona mata waya uku a ƙusoshin nan, ɗayan bakin a soka a jikin ordinata, wato babbar kwamfuta, sai rubutunta ya riƙa fitowa a gabanka kai ma ka rubuta mata. Konsol ake ce wa wannan. Fara ita ce bakinta, koriya kunnenta, baƙa ta ƙasa. Matsalar kawai, wayoyin nawa ba su fi taƙi ɗaya ba, ga shi kat ɗin can sama za ta zauna cikin akwatin roba ƙarƙashin pano, saboda awaki da ruwa.

Taubashina ya ce wannan ai aikinsa ne. Ya karɓa, ya juya mini baya, ya ƙara musu tsawo, ya naɗe da baƙin sikoc mai ɗanko, ya zura cikin tsohon tiyo don kar rana ta ci. Ya miƙo mini yana hura hanci. Waya uku a wannan baki, waya uku a wancan. Na gwada a zauren Kawu, kat ɗin tana shan wuta daga jikin ordinatata, rubutu ya zubo tas kamar an goge. Na saita agogo. Muka kai garka, ya hau ya ɗaura, na danna maɓallin gwaji, ruwa ya fito, na yi wa kaina tafi na hau taksi na koma Maradi. Wannan ranar Lahadi ce, saura kwana takwas randebu.

Ranar Talata salulata ta yi ƙara ina cikin aji. Na fita.

"Ɗiyata, abin nan naki Musulmi ne?"

"Kawu, lafiya?"

"Don na ga shina tashi da azahar. Ƙarhe biyu, rana tsaka, ƙasa na tafasa, sai ya zuba ma irina ruwa. Dahwa min su zai yi?"

Kwana biyu a jere haka. Da safe shiru, da marece shiru, da azahar ruwa. Ya cire wayar pampo daga makunnina ya koma kunnawa da hannu, ya kuma ce a faɗa wa Mama ta ba wani randebun, shi ba ya zuwa. Mama ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon nan da ya fi faɗa.

Jarrabawa ta riƙe ni har Asabar. Lahadi da hantsi na sauka Madarumfa da ordinata a baya, gobe aikin ido. Taubashina yana jirana bisa moto, ya sa takalmin roba mai tsawo kamar mai shiga tafki.

"Injiniya ta iso! A share hanya, ga wadda ta koya wa albasa wankan azahar."

"Ja mu je, ɗan ƙauye. Kai ka san abin da ka taɓa."

"Ni? Ke ɗiyar mace, ki iya bakinki. Garkar ubana za ki shiga."

Tun muna yara haka muke, ni da shi. Ɗan namiji da ɗiyar mace, ba mai raga wa wani.

A hanya ya faɗa mini sharaɗin Kawu. Kar in ce zan sauko da akwatin in kai gida in duba. In ya sauko daga bisa ƙarfen nan, ba ya komawa. To ni ma ban so saukewa ba, don a zatona ciwon na garka ne, ko batir ko makunni, gara in same ta a inda take yin laifin.

Na kwance ledar da muka ɗaure bakin tiyon da ita, na jona, na tsaya jikin ƙarfen da ordinata a hannu. Na buɗe konsol. Na danna.

Abin da ya fito, wallahi ko a mafarki. Ƴan murabba'ai, alamar tambaya a kife, wasu ƙugiyoyi, harafi ɗaya na kirki sannan tarkace layi uku. Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ya tsaya, ya sake zubowa da kansa ban taɓa komai ba.

Taubashina ya leƙo ta kafaɗata. "Kai! Ta iya Sinanci."

"Gudun ne bai daidaita ba," na ce, da muryar malaminmu.

Wannan shi ne abu na farko da ake koya maka. Dole ɓangarorin biyu su yarda da saurin da za su yi magana, in ɗaya na gudu ɗaya na tafiya, shirme za ka gani. Nata dubu ɗari da goma sha biyar da ɗari biyu ne, na san shi kamar lambar salulata. Na duba, daidai yake. Duk da haka na sauke zuwa dubu tara da ɗari shida. Shirme, amma a hankali. Na bi duk lambobin da ke jerin ɗaya bayan ɗaya. Kowace da kalar shirmenta.

Abu na biyu, bakin wannan a kunnen wancan yake shiga, fara da koriya sai an gicciya su. Na musanya. Shiru ɗif, ko murabba'i babu. Na mayar. Sinanci ya dawo, har na ji daɗin ganinsa.

"Ci gaba ne," in ji taubashina. "Ɗazu ba ta magana, yanzu tana zagi."

Na sake tada ordinata. Na canza ramin da na soka. Na hura ƙura daga bakin wayoyin. Na sa shi ya hau ya duba ko sun zauna a ƙusoshinsu, ya leƙa ya ce fara, koriya, baƙa, kowa na ɗakinsa. Rana ta fara cizo, gumi na bin bayana, batirin ordinata ya sauka rabi. A raina ina ta tsara yadda zan faɗa wa Mama.

Sai ga Kawu tafe ta bakin shinge, sanda na gaba yana biye, ya gama ban ruwan safe tun ɗazu ya je gida ya dawo. Ƙasar gindin ƙarfen jiƙe take sharkaf, don nan tiyon pampo ke ɗiga. Ni dai yadda aka tarbiyyantar da ni, na zame takalmina na ture gefe, na durƙusa a cikin laimar nan, ordinata bisa gwiwa, hannuna kwance a kan ƙarfen jikinta.

"Kawu, ina wuni. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin ji..."

Idona ya sauka kan gilashin.

login:

Tsaf. Baƙi da fari. Ba ƙugiya ko ɗaya.

Na kurma ihu a tsakiyar gaisuwa. Kawu ya ja da baya ya ɗaga sanda, ya zaci maciji ne.

"Ta yi! Kawu ta yi! Ta yi magana!"

Na miƙe tsaye, na zura takalmi don in matsa inuwa in zauna da kyau, na fara rubuta sunan shiga. Harafi biyu, sai murabba'ai suka zubo kamar an kwance buhu.

Na tsaya. Na kalli gilashi. Na kalli taubashina.

"Mi ya hwaru?" in ji Kawu.

"Ta koma."

"Ɗazu da kika duƙa ta yi?"

"Ta yi."

"To duƙa mana."

Na duƙa da takalmi. Shirme. Taubashina ya fara dariya ƙasa-ƙasa. Kawu ya karkata kai, irin yadda yake yi in yana sauraren pampo.

"Ɗazu na ji kin tuɓe takalmi."

"Kawu, takalmi kuma mi ya haɗa shi da..."

"Tuɓe dai."

Na tuɓe. Na taka laka. Na danna. Rubutu ya fito tas.

Jama'a! Taubashina ya zube a kan kunya yana riƙe da ciki. Ni kaina dariya ta kama ni har ordinata na rawa a hannuna. Na sa takalmi, shirme. Na cire, Hausa ma sai ta yi in na ce ta yi. Na sa ƙafa ɗaya na bar ɗaya, ta yi, amma tana ɗan tuntuɓe. Na koma busasshiyar ƙasa ba takalmi, ta ƙi. Na dawo cikin laka, ta yarda. Na ɗaga hannuna daga jikin ordinata na danna da tsinke, ta ƙi. Taubashina ya karɓa da takalminsa na roba, ta zazzaga mishi ƙugiyoyi layi biyar.

"Ka gani ko?" Kawu ya nuna shi da sanda. "Shekara nawa ina hwaɗa maka ba a shigo min garka kamar soja. Ga shi abin Nasara ma ya san ladabi, kai ba ka sani ba."

"Baba, to sai mu bar ta nan kwana goma tsaye cikin laka, a riƙa kawo mata hura."

Ina dariya, amma kaina ya riga ya tafi wani wuri. Laka, ƙafata, hannuna, ƙarfen ordinata. Na ɗaga kai na bi dogon ƙarfen da kallo har sama.

"Kai, baƙar wayar batir ɗin ina ka ɗaura ta?"

"A jikin ƙarfen mana. Kamar na moto."

To. Daga batir zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa laka, daga laka zuwa tafin ƙafata, ya bi jikina ya fita ta hannu ya shiga ordinata. Ashe ni ce baƙar wayar. Kuma in har sai da ni ake samun hanya, ta cikin tiyon ba ta aiki ke nan.

"Ba ni rezarka."

"Ki yi mi da ita?"

"Ba ni dai."

Na ja tiyon baya, na tsaga sikoc ɗin nan da ya naɗa da kyau kamar rawani. Fara ta wuce. Koriya ta wuce. Baƙa ta shiga kamar tsawon yatsa ta tsaya, an datse ta, an lanƙwasa kanta, an kwantar. A can sama ma haka. Tsakani babu komai.

Na ɗaga mishi guntun a gaban hanci.

Ko kunya bai ji ba. "To ai ta ƙasa ce."

"Ta ƙasa ce sai aka yi yaya?"

"Ke, gida nawa na ja wa kuran daga nan har Ɗan Issa? Waya biyu ne, mai kawowa da mai mayarwa. Ta ukun nan ado ce. Ko firji aka kawo mai ƙafa uku, karya ta ukun muke mu soka, kuma shina sanyi. Ubangidana haka ya koya min. Guntayen ma don kar ki yi ƙorafi na bar miki."

"Ranar nan a zaure kuwa ta yi," ya ƙara, yana ganin ya kama ni.

"Don a zaure daga jikin ordinata take shan wuta! Waccan wayar ce ta haɗa su a ɓoye. Nan ita tana kan batirin Kawu, ni ina kan nawa, ba abin da ya gama mu."

Kawu ya ce a yi mishi bayani da Hausa. Na ce, Kawu, su biyun da sama da ƙasa suke magana, wuta ta hau, wuta ta sauka, shi ne haruffan. To in ba su yarda da inda ƙasa take ba, wannan ya ce sama, wancan ya ji ƙasa.

Ya gyaɗa kai. "Kamar hwangali ke nan. In ba ka daidaita ƙasa ba, ka yi ta zuba ruwa, inda ya ga dama zai tahi."

Malaminmu ya yi wata guda yana faɗar wannan bai faɗe shi da kyau haka ba.

Taubashina ya ciro waya daga jakar moto yana gunaguni, ya hau, ya haɗa baƙa da baƙa, ya sauko ya haɗa ta ƙasan. Na sa takalmina duka biyu, na ɗaure igiya, na hau busasshen dutse don a yi ta a gaban shaidu. Na danna. Rubutu. Na shiga. Na sa ta zubo dogon jeri, shafi bayan shafi, ko harafi ɗaya bai karkace ba. Na girgiza tiyon. Na yi tsalle. Na miƙa wa mai takalmin soja, shi ma ta amsa mishi. Sai da na zagaya ƙarfen nan sau biyu ina rawa da ordinata a ka, Kawu na cewa a kula mishi da iri.

"Saura laifin azahar," na ce, ina haki. "Yanzu za mu ga abin da ka ɓata kuma."

Na tambaye ta ƙarfe nawa.

Ta ba ni wata shekara da ko haihuwata ba a yi ba, ranar ɗaya ga wata na ɗaya, ƙarfe shida da ƴan mintuna na safe. Alhali rana na tsakar ka.

Nan take na gane, kuma nan take na so ƙasa ta buɗe. Batirin Kawu tsoho ne, kafin gari ya waye yake ƙarewa, kat ɗin ta mutu. Rana ta fito ta taɓa pano, ta farfaɗo, agogonta ya koma sifili, ta fara ƙirga daga nan. Bakwai da rabinta sai ya faɗo ƙarfe biyu namu. Amma ai don haka na sa mata agogo mai pil, don ya riƙe lokaci in wuta ta ɗauke.

"Hau ka ciro min pil ɗin nan," na ce, a hankali.

Ya hau. Ya ciro. Ya juya shi a tafin hannu. Na ga fuskarsa tana buɗewa kamar an yi mishi albishir. A bayan pil ɗin ƴar takardar nan ce mai ɗanko da ake liƙawa a kanti don kar ya zube kafin a saya. Ban ɓare ta ba. Haka na soka shi da rigarsa.

"Baba!" ya ƙwala daga sama. "Baba, injiniya ta ba jariri nono da murfi!"

"Sauko, don Allah."

"Ba na saukowa! A kira Maradi! A faɗa wa jami'a!"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce shi dai ya ga Allah ya haɗa shi da gwanaye biyu, ɗaya ya cire abin da ake so, ɗaya ta bar abin da ba a so.

Na ɓare takardar, aka mayar da pil, na saita lokaci daga salulata. Sannan na sa taubashina ya cire wutar gaba ɗaya, muka ƙirga ɗari, ya mayar. Na zuba wa gilashin ido tana tasowa, layi bayan layi, duk ina karantawa, abin da tun safe nake roƙo. Na tambaye ta lokaci. Daidai har minti. Muka sake sau uku, don ni kaina na daina yarda da ni.

"Kawu, ta gyaru. Mu je ka shirya."

"Ranar nan ma haka kika ce."

Ya sa aka mayar da wayar pampo kan makunnina, ya ce shi zai ga ƙarfe biyu, ya kuma ga ƙarfe biyar. Muka yi azahar, muka ci ƙosai da yaji a gindin mangwaro. Ƙarfe biyu ta zo ta wuce, pampo bai motsa ba. Ban taɓa jin daɗin shirun wani abu haka ba. Mama ta kira sau huɗu, ina ce mata muna hanya, wanda a wata fuskar ba ƙarya ba ne.

Bayan la'asar ya ja tabarma har bakin fangali na farko ya zauna, ya ɗora hannu a bakin tiyo. Agogon hannunsa yana nan amma ya daɗe da daina ganinsa, sai ya riƙa tambaya.

"Saura nawa?"

"Minti uku."

"Yanzu hwa?"

"Biyu, Kawu."

Taubashina ya buɗe baki zai yi tsiya, na harare shi, ya rufe. Ina riƙe da salula. Lambar ta juya biyar daidai. Daƙiƙa ɗaya, biyu, na fara salati. Sai ƙas daga sama, pampo ya yi gurnani, tiyon ya kumbura, ruwa ya fashe tsakanin yatsun Kawu.

Ya bar hannun a ciki har fangalin ya sha, ya jira har ta kashe da kanta, ya saurari shirun kuma. Sannan ya dafa sanda ya miƙe ya share hannu a riga.

"Kai, je ka ɗauko min jakata. Tana bayan ƙyauren zaure."

"Baba, ashe ka haɗa kaya?"

"Tun jiya. Ina ruwanka?"

Aka yi aikin ranar Litinin. Washegari da aka buɗe bandejin ina tsaye gefen gado ni da Mama, ya ƙifta, ya ƙifta, ya kalli ƙanwarsa ya ce ashe ta tsufa haka ba wanda ya faɗa mishi. Na nuna mishi hoton da taubashina ya turo da safe, irin albasa kore shar, ƙasa jiƙe. Ya kawo salular kusa, ya nisanta ta, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ciyawa ce a hwangali na uku?"

"Kawu, ƴar kaɗan ce."

"Kira min shi."

Kafin ya ɗauka, Kawu ya sauke ido ƙasa ya ƙare wa ƙafafuna kallo.

"Su ne takalman?"

"Su ne."

"Allah ya shirya. Ashe ma jajaye ne."